Italiyancin Tsohuwa

Litinin, 6 ga Maris

'Yata Kache ce ta sayo mini littafin nan don in riƙa rubuta kalmomin Italiyanci kullum. Na buɗe, na sa kwanan wata, ga shi ina rubuta wani abin daban. Haka nake tun ina aji biyar, shi ya sa ma aji shida bai taɓa ganin fuskata ba.

Bari in rubuta don in gani da idona: ni Thoya ɗan Ngumbao, mai furfura a gemu da tabon mai a hannu biyu, zan tafi Italiya karatu. Wata tara. Ni kaɗai. Na karanta abin da na rubuta na fashe da dariya, har matata Dama ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Ettore ne ya ƙulla abin, ɗan marigayiya Sinyora Nives. Shekara ashirin ina yi wa uwarsa girki a nan Malindi, har ta rasu bara aka sayar da gidan, na koma gasa fiza, wainar Italiyawa, a wani gidan abinci na bakin teku. Ya ce akwai ƙaramar makarantar girki a kan duwatsun yankinsu, da safe harshe, da yamma murhu, kuma akwai gurbi ɗaya da ya rage. Sharaɗin kawai shi ne shugabar makarantar za ta yi magana da ni ta waya, ido da ido, ta ji ko kunnena yana kama harshen. In bai kama ba, a ba wani.

Na ce wa Kache wannan ai wasa ne. Mutumin da aka yi shekara ashirin ana zaginsa da Italiyanci?

Laraba, 8 ga Maris

Darasi na farko. Kache a Mombasa ta koyi nata, na littafi, da shi take tarbar baƙi a otal ɗin da take aiki. Ta zaunar da ni a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar kashu, ita tana kan kujera. Duniya kenan.

Ta ce, "Baba, ce mini ka gaji."

Na ce sono stanka, har da dafa ƙugu, yadda ake faɗinsa.

Ta ajiye biro. "Sake."

Na sake.

"Baba, kai mace ce?"

Ashe harshen mutanen nan raba maza da mata yake yi kamar bencin cocin ƙauyenmu. Namiji stanko, mace stanka. Mu a namu bakin kowa ɗaya ne, wa zai faɗa mini? Abin da ya fito daga bakin Sinyora shi na kwashe, ita kuwa ba ta taɓa gajiya irin ta maza ba. Wato duk shekarun nan ina yawo a gari ina gaya wa Turawa ni gajiyayya ce, ni tsohuwa ce, ni haifaffiyar Kakuyuni ce. Suna ta dariya suna bubbuga mini kafaɗa, ni kuma ina cewa a raina, Thoya, Allah ya yi maka baiwar barkwanci.

Kuma ba sau ɗaya Sinyora ta gyara mini ba. Ko dai ba ta so ta rasa abin nishaɗinta, ko kuwa ta ji daɗin samun ƙawa.

Dama tana soya mahamri, irin fanken nan namu, tana jinmu. Ta ce, "To 'yar'uwa, in kin gama karatu ga tukwane can."

Juma'a, 10 ga Maris

Na wasa wuƙaƙen gidan nan duka, har da wadda ba ta da ƙota. Na kasa zama. Na taka zuwa tsohuwar gada ta bakin teku na dawo, na sake komawa kamar na yar da wani abu a can.

Asabar, 11 ga Maris

Na gaya wa 'yan majalisar gahawa. Da gangan na faɗe shi kamar almara, don in abin ya lalace a ce dama Thoya wasa yake yi.

Famau mai tuktuk, keken haya mai ƙafa uku, ya kalle ni sama da ƙasa. "Ɗalibi. Wa zai raka ka ranar farko, Maman Kache? A sa maka ɗan abinci a roba?"

Na ce masa ni ne zan koya musu taliya, su ba su sani ba ne.

"Sanyi zai maida ka busasshen kifi, tsoho. Kai da iskar watan bakwai ke sa ka ɗaura tawul a wuya."

Kowa ya yi dariya, ni na fi kowa. A hanyar gida kuwa sai na tsinci kaina ina lissafin irin gadon da za su ba ni, da wanda zan yi wa magana ranar Lahadi. Ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba tun da aka haife ni, sai dai a tsaye a kicin.

Talata, 14 ga Maris

Stanko. Stanko. Stanko. Na fara zama namiji, a hankali.

Asabar, 18 ga Maris

Yarinyar nan ta kama ni.

Ta jefo mini wata tambaya da sauri, kalmomin suka wuce ni kamar babur. Na ce si, si, wato e, e, na ɗora da labarin Baturen da ya tauna barkonon Dama ya nemi limamin coci. Labarin yana da daɗi, da Italiyanci ma na iya shi. Ta bari na kai ƙarshe. Ko murmushi.

"Ka san abin da na tambaye ka?"

Na ce ai na amsa.

"Cewa na yi, ka yarda a sayar da kai a sayo akuya?"

Na ce ya danganta da akuyar.

Ta karɓe littafin nan, ta rubuta kalmomi uku a shafin baya da manyan baƙaƙe, yadda zan iya karantawa: non o kapito. Ma'anarsa, ban gane ba. Ta ce wannan ya fi duk sauran da na haddace. Na ce na ji. Ta ce in faɗa. Na faɗe shi da muryar Sinyora, ina rawar kai, har Dama ta yi tari don dariya. Kache ta tattara takardunta ta shige ɗaki.

Ita ba za ta sani ba, makaranta ta rene ta. A kicin ɗin Bature, wanda ya ce bai gane ba, gobe wani ne a tsaye a wurinsa. Wanda ya sa su dariya kuwa ko miya ya ƙona sai a ce barshi, Thoya ne. Da wannan na ciyar da gida, da shi na kai ta Mombasa. Yanzu a ce in ajiye shi a bakin ƙofa kamar takalmi.

Laraba, 22 ga Maris

Gobe ne. Na aske gemu, na yanke kaina a haɓa. Dama ta ce ko ba komai za su ga na san wuƙa.

Alhamis, 23 ga Maris

To.

A ƙaramin ofishin bayan otal aka yi, Kache ta roƙi manajansu. Ta jingina wayar da kwalbar ruwa, ta koma gefe inda ba a ganinta, an ce kada ta sa baki. Shugabar ta bayyana: Sinyora Rota, siririya, tabarau a kan hanci, irin fuskar da ba ta taɓa cin bashin dariya ba.

Farko lafiya lau. Sunana, garinmu, shekaruna a kicin. Duk na amsa a matsayin namiji, ban zame ko sau ɗaya ba, har na ji ina son in juya in ga ko Kache ta lura. Ta tambayi yadda nake murza kwaɓin taliya, na nuna mata da hannu a iska. Ta gyaɗa kai.

Daga nan ta ƙara gudu. Wayar ma tana ɗan yankewa. Na ji dogon zance, a ƙarshensa wata kalma kamar folye. Folye ganye ne, wannan na san shi kamar sunana, kullum marigayiya Sinyora tana aikena lambu in tsinko na ɗaɗɗoya. Sai na gyara zama na ce si, si, ai ni wankewa nake yi da ruwan sanyi, in shanya a kan tsumma, sannan in yayyage da hannu. Ba na sa wuƙa, wuƙa tana sa baƙi. Na ƙara da cewa in ya tsufa sai in jefar in tsinko sabo.

Na ji Kache ta ja numfashi ta hanci.

Ba folye matar ta ce ba. Molye ta ce. Mata. Tambaya take ko matata ta yarda in yi wata tara ba na gida.

Ta cire tabarau, ta ce a kira 'yata. Suka yi magana a kaina ina zaune kamar buhun gawayi. Abin da Kache ta fassara mini a waje: wai rashin ganewa ba laifi ba ne, don shi aka gina makaranta. Amma mutumin da bai gane ba ya ce ya gane, ba za ta sa shi tsakanin tafasasshen mai da ɗalibai masu riƙe da wuƙa ba. Saboda Ettore za ta sake kira bayan mako uku. Akwai wani yana jiran gurbin.

A hanya Kache tana gaba ina baya. Na ce ko ba komai matar ta koyi yadda ake adana ganye.

Ta tsaya cak a gaban masu sayar da kwakwa. "Baba, na gaya wa kowa a wurin aiki babana zai tafi karatu. Karatu na ce musu." Sannan ta ce, "In ba ka son zuwa ka faɗa. In kuma so kake ka faɗi kana dariya, ka yi shi ba da ni ba."

Ta tare tuktuk ta hau. Na taka da ƙafa.

Juma'a, 24 ga Maris

Dama ta ji labari. Ta zauna a kan turmi ta yi dariya har hawaye. "A wanke ni, a shanya ni, a yage ni da hannu. To Baban Kache, na gode da ba ka sa wuƙa ba." Can kuma ta share ido ta ce, "Wannan na tsinko sabon fa, da wa kake?"

Kache ta fita tun kafin in tashi. Babu darasi.

Lahadi, 26 ga Maris

Na kai wa majalisa labarin ganye. Bai taɓa karɓuwa haka ba. Famau ya zubar da gahawa a cinyarsa, ya sa na maimaita wa waɗanda suka zo a makare, yanzu duk layin masu tuktuk Folye suke kirana. Na dawo gida da nasara.

Ban ci abincin rana ba. Ban san dalili ba.

Laraba, 29 ga Maris

Ruwa ya sauko, baƙi sun fara watsewa, tanderu rabin yini a kashe. Ina tsaye ina kallon teku ta koma ruwan ƙasa. Na goge teburin da na riga na goge.

Da yamma na ce wa Dama na yi tunani, sanyin can ba na mai shekaruna ba ne, gwiwata ma ta fara magana. Kuma wa zai gyara rufin ɗaki? Gara a bar wa yaron da ke jira.

Ta ce, "To."

Shi ke nan. To. Tana zaune da wata ƙatuwar rigar sanyi da ta sayo a gwanjo ban sani ba, mai gashi a wuya kamar an yanka tunkiya, tana ɗinke maɓallin da ya saki. Na ce ba ta ji abin da na ce ba ne? Ta ce ta ji. Ta ciji zaren ta ɗauko maɓalli na gaba.

Asabar, 1 ga Afrilu

Wani tsohon Bature daga cikin masu zama duk shekara ya leƙo kicin ya yi mini dogon bayani. Na shirya. Kalmomin uku suna kan harshena, na ji su. Abin da ya fito: si, si, da wasan da nake yi da faranti a ka. Ya yi dariya ya tafi. Har yanzu ban san abin da yake so ba. Wataƙila gobara yake gaya mini.

Litinin, 3 ga Afrilu

Na gwada a kan akuyar maƙwabta. Ya fita sumul. Ita ma ba ta gane ba.

Talata, 4 ga Afrilu

Yau wata mata da ke cin abinci ita kaɗai ta kira ni ta faɗi wani abu da Italiyanci game da fizarta. Na tsaya. Zufa ta keto mini har bayan gwiwa. Na ce non o kapito, a hankali, kamar mai amsa laifi a gaban alƙali.

Ta ce au, yi haƙuri. Ta sake faɗa sannu sannu, tana nuna albasa. Ba ta son albasa. Shi ke nan abin.

Na koma kicin na jira. Ba wanda ya zo ya karɓi rigar aikina. Matar ma ba ta sake kallona ba, jaridarta take karantawa. Wannan ne ya fi ba ni haushi, in faɗi gaskiya. Shekara ashirin ina gudun abu, ya zo ya wuce ko gaisuwa babu.

Laraba, 5 ga Afrilu

Na jira Kache a bakin ƙofa, littafi a hannu. Na ce, "Malama, ɗalibinki ya dawo."

"Wanne? Folye?"

Ashe har otal sunan ya kai. Na ce a'a, ɗaya ɗalibin, daƙiƙin.

Ta daɗe tana kallona, irin kallon uwarta. Ta ce sharaɗi: daga lokacin da ta zauna har ta tashi, babu labari, babu muryar Sinyora, babu faranti a ka. Na ce in numfashi fa? Ta juya za ta shige. Na ce na yarda, na yarda.

Awa guda ban ba kowa dariya ba. Na fito kamar wanda aka cire wa haƙori.

Asabar, 8 ga Afrilu

Da gangan take gudu yanzu, tana cusa kalmomin da ta san ban sani ba, ta tsaya tana jira. Na faɗi kalmomin ukun nan har sun daina ɗaci. Abin mamaki, in ta maimaita sai in ji rabin abin dama na san shi, tsoro ne ke toshe mini kunne tun kafin ta gama.

Ta ce Italiyancina na gaskiya kaɗan ne amma mai kyau, sauran duk kayan tsohuwa ne: ciwon baya, tsadar kifi, da zagin masu aikin lambu. Na buɗe baki in ce wani abu, na tuna sharaɗi, na rufe. Ita ce ta yi dariyar.

Talata, 11 ga Afrilu

Ba na iya zama, ba na iya tsayuwa. Na gyara rufin ɗakin da na ce ba mai gyarawa.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Ofishi ɗaya, kwalbar ruwa ɗaya, tabarau ɗaya.

Ta fara da gudu tun daga gaisuwa, na san gwaji ne. Na ce ban gane ba. Ta maimaita. Na amsa. Ta sake, na sake cewa ban gane ba, ta yi a hankali don Allah. Haka muka yi ta yi kamar masu jan guga. Ta tambayi matata, wannan karon na ji kalmar da kyau. Na ce ta yarda, har ta saya mini riga. Gefen bakinta ya ɗan motsa, ko kuwa wayar ce.

Sai ta jingina da kujera ta yi tambaya gajera, a hankali, kowace kalma a fili. Ta ce na riga na iya girki, Ettore ya gaya mata, mutane suna biya su ci. To me zan zo nema a wurinta, a shekaruna, ni kaɗai?

Na gane. Duka na gane, kuma na so a ce ban gane ba. Kalmomin ukun suna nan a shirye, yanzu da suka saba da bakina, da na fake a bayansu ba mai kama ni. A ɗaya gefen kuma ga wata amsa mai daɗi ta taso, game da matan Italiya da furfurata, na san ko ita sai ta murmusa. Biyun suna tsaye a maƙogwarona suna turereniya.

Abin da na faɗa, da guntayen kalmomi kamar yaro mai koyon tafiya: hannuna ya san abubuwa da yawa, ni ban san sunansu ba. Na bar makaranta ina ƙarami. Ina so in zauna a aji, a kan kujera, malami ya tambaya in ɗaga hannu. Sau ɗaya kafin in mutu.

Muni ne da shi, ko gishiri babu. Na saci kallon Kache, ta juya tana duba taga, alhali ba abin da ake gani ta tagar sai bango.

Sinyora Rota ta rubuta wani abu. Ta ce za a fara karatu a watan tara, in zo da takalmi mai rufi. Na ce ban gane ba. Na gane, so nake in sake ji.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Famau ya tara mutane tun kafin in iso, an ajiye mini wuri a tsakiya. "Folye, ba mu kashi na biyu. Wa ka yage wannan karon?" Na ce ba komai, an ɗauke ni. Suka jira sauran. Na sha gahawata. Can wani ya kawo zancen ƙwallo.

Da na dawo Dama tana kankare kwakwa a tsakar gida. Na zauna kusa da ita, na ce, "Maman Kache, wata tara fa. Za ki iya?"

"Ni? Zan huta da surutu." Ta ci gaba da kankara. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai fa?"

Na ce ban sani ba.

Ta dakata. Ta jira, na ga tana jira, ta san inda nake saka abin dariyar. Bai zo ba. Ta goge hannu a zani ta ɗora mini a goshi, ta ce jikina ba zafi. Ba ta ɗauke hannun da wuri ba.

Ina jin ruwan saman nan ne. Yana sa mutum nauyin baki.